Likitan da Na Karya wa Muƙamuƙi

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tsugune a ƙofar shagona ina haɗa ƙafar wani gadon ƙarfe, wayata ta yi ta ƙara a aljihu. Sai a karo na uku na kashe injin walda na ɗauka. 'Yarka ce, wadda kowa ke kira Ƙaramar Likita tun da ta gaje ka a aikin haƙori. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya rasu," ta kashe wayar. Allah ne ya ba mu aronka, Shi ne ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Da yammacin ranar aka yi maka sutura, kana da shekara saba'in da ɗaya, arba'in daga cikinsu ka yi su kana leƙen bakunan mutane.

Tun ranar nake jin yabo iri-iri. Har da masu cewa ko yatsa aka sa maka a baki ba za ka ciza ba. Waɗannan ba su san ka ba, Likita. Kai mafaɗaci ne, bakinka ba linzami, kuma na sha ganin ka kori babban mutum daga kan kujerarka don ya yi maka gardama a kan aikinka. Ni na san ka fiye da masu yabon, ta hanyar da ba ta da daɗin faɗa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ni ne na karya maka muƙamuƙi da hannuna na dama. Ka ce wa iyalinka daga kan tsani ka faɗo. Ka yafe mini, amma da sharaɗi guda: kada in taɓa faɗa wa kowa. Ga shi na karya sharaɗin, kuma ban sani ba ko yafiyar tana nan.

Lokacin ina da shekara talatin da biyar, ciwon kai ya yi shekara huɗu yana cina. Daga gaban kunnen dama yake tashi, ya haura gefen kai, ya sauko bayan ido, ya koma cikin turamen haƙorana ya zauna. Na farka da shi, na wuni da shi. In na buɗe baki zan ci abinci sai wani abu ya yi ƙas a gindin kunnena, wani lokaci bakin ya sarƙe sai na sa hannu na girgiza haɓata kafin ya rufu. Na sha ƙwayoyi har cikina ya ɓaci. Na yi ta buga kaina da bangon shago don in ji wani zafin daban. A gida kuwa na zama dodo. Yarana in sun ji ƙarar babur ɗina sai su watse, kowa ya nemi lungu. Na karya ƙofar ɗaki da ƙafa don an rufe ta da ƙarfi. Na ɗaga wa uwar yarana hannu sau biyu, na biyun har ta kwana uku ba ta leƙa waje ba. Ciwo ne, amma hannun nawa ne, ba zan laɓe a bayan ciwo ba.

Akwai wani mai cire haƙori da ke zama a bakin tashar mota, da tire da kwalabe da awartaki guda ɗaya da yake gogewa a gefen rigarsa. Na je masa sau uku. Kowane zuwa in nuna masa wanda ke yi mini zogi, ya zaunar da ni a ƙasa, ya dafe goshina da hannu ɗaya, ya sa gwiwa a ƙirjina, ya murɗa har in ji ƙashin fuskata na amsawa. Ya ɗaga haƙorin sama ya nuna wa 'yan kallo, ni kuma in yi ta tofar da jini. Kwana biyu ciwon ya lafa saboda sabon zafi ya danne shi, a na uku ya dawo ya koma kan haƙorin da ke kusa. Turame uku lafiyayyu na bari a tiren mutumin nan. Da na koma karo na huɗu na tarar bai fito ba, shi ya sa na hau benen da asibitinka yake, a fusace, kumatuna a hannu.

Ina tuna ɗakin kamar yau. Koriyar kujera mai faci a wajen kai, fitila mai dogon wuya, ƙaramin kwanon tangaram na tofar da ruwa, da kantoci har rufi cike da siffofin haƙoran mutane da aka zuba da farar ƙasa, kowanne da takardarsa. Tsanin da kake hawa kana ɗauko na sama yana jingine a kusurwa. Ma'aikaciyar jinyarka tana can ɗakin baya tana dafa kayan aiki. Na ce maka ga haƙorin, cire shi kawai na zo a yi. Ka ƙwanƙwasa shi, ka hura masa iska, ka haska shi ta ko'ina, ka ce lafiyarsa ƙalau. Sai ka ɗora yatsunka a gaban kunnuwana ka ce in buɗe baki a hankali. Ya yi ƙas, har kai ma ka ji a yatsanka. Ka ce in jera yatsu uku a tsaye in sa tsakanin haƙorana, biyu ma da ƙyar suka shiga. Daga nan ka zura yatsa cikin kumatuna ka danna wata tsoka can baya, ciwon shekara huɗun nan gaba ɗaya ya tashi ya doki ƙoƙon kaina, na ga wuta.

Ka ce, "Ga ciwonka nan. Ba a haƙori yake ba. Wane azzalumi ne ya cire maka ukun nan? Kai kuma ƙato da kai ka zauna kamar rago ana yi maka fyaɗe a baki."

Na ce, "Ni dai cire mini. Bakina ne."

Ka ce, "Bakinka ne, hannuna ne. Ko kashe ni za ka yi ba na cire lafiyayyen haƙori."

Ban san lokacin da na tashi ba. Hannun da ya yi shekara ashirin yana ɗaga guduma ya same ka a gefen haɓa na hagu. Na san ƙarar ƙarfen zubi in ya tsage, irinta na ji. Ka tafi da baya, ka daki kwanon tangaram ya rabu biyu, ka zube tsakanin kujera da bango. Tabaranka ya faɗa ƙarƙashin kanta. Bakinka ya karkace, haƙoranka na sama da na ƙasa suka daina haɗuwa, jini na bin wuyan farar rigarka. Na tsaya a kanka ina haki, hannuna a dunƙule, kuma Allah ya sani a wannan lokacin ban gama yanke shawarar ko zan ƙara ba.

Ka lallaɓa ka jawo takardar rubuta magani daga aljihunka. Ba ka iya magana, sai ka rubuta, ka miƙo mini. Abin da ka rubuta shi ne: Ka kwantar da tsanin can a ƙasa. Na karanta sau biyu ban gane ba. Ka nuna tsanin da yatsa, ka harare ni. Na je na kwantar da shi, kafin ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu. A mota, kan hanyar kai ka babban asibiti, kanka a kafaɗata, ka sake rubutu: Ka dawo ran Litinin ta sama, ban gama duba ka ba.

Ƙashin ya karye a wuri biyu, ɗaya daga ciki dab da mahaɗar da ke gaban kunne. Aka ɗaure maka haƙoran sama da na ƙasa da waya, mako shida ba buɗe baki. Da na je gaishe ka a gida, na tarar da 'yarka, lokacin tana da shekara sha uku, ta riƙe maka kofin madara kana zuƙa da tsinken roba ta wata 'yar kafa tsakanin haƙora, tana goge maka abin da ke zubowa. Ka rame, fuskarka ta kumbura ta yi baƙi-baƙi. Hajiya, maiɗakinka, ta fito ta durƙusa har ƙasa ta yi mini godiya, wai ni ne bawan Allahn da ya kai ka asibiti. Ta ce wa yara su gaida kawunsu. Daga ranar na zama Kawu a gidanka. An taɓa zuba mini narkakken ƙarfe a ƙafa bisa kuskure, bai kai godiyar nan zafi ba.

Ban dawo ran Litinin ba, kunya ta hana ni. Sai kai ka zo. Ka tambayi layin masu walda har ka sami shagona, ka sami wani tsohon bokiti ka kife ka zauna, bakinka a ɗaure, kana kallona ina aiki. A layinmu akwai abin da muka gada daga ubangidanmu da ya koya mana sana'a. Garkuwar fuska da muke kare ido da ita mai mariƙi ce, da hannu ake riƙe ta. Shi kuwa ya koya mana mu kafa ɗan guntun katako ta cikinta, mu cije shi da haƙori, don hannu biyu su samu sakewa, ɗaya ya riƙe ƙarfe ɗaya sandar walda. Abin alfahari ne a wurinmu. Wanda ya riƙe garkuwa da hannu sai a yi masa dariya a ce bai gama koyo ba. Ni kuwa na fi kowa, ina iya yin awa biyu garkuwa na rataye a bakina, kuma kullum a ɓangaren dama nake cizonta. Ka yi kallona na kamar minti goma. Sai ka tashi ka fizge ta daga bakina, ka duba katakon da haƙorana suka yi wa rami, ka maka ta da ƙasa, ka ɗauki gudumata ka yi mata rugu-rugu a gaban maƙwabtana.

Ta tsakanin wayoyin bakinka, da murya kamar ta mai magana cikin tulu, ka yi mini bayanin da ban taɓa mantawa ba. Ka ja ni wajen wata ƙofar ƙarfe da na gama, ka nuna hinjinta, wato mahaɗar da take juyawa a kai. Ka ce muƙamuƙi hinji biyu gare shi, ɗaya a gaban kowane kunne, kuma tare suke aiki. Ka tambaye ni me zai faru in an rataya wa ƙofa buhun siminti a gefe ɗaya kullum shekara ashirin. Na ce hinjin zai ci, ƙofar ta karkace ta fara kuka. Ka ce to ni ne ƙofar. Tsokar da ke rufe baki ta haura har gefen kai, in ta gaji ta ɗaure sai kai ya ɗauka, haƙori ya ɗauka, kunne ya ɗauka, mutum ya yi ta bin ciwo inda ba ya nan. Ka ƙara da cewa cire turaman nan uku ya sa taunata ta ƙara karkacewa, wato na je an ƙara wa ƙofar wani buhun.

Maganin da ka yi mini ba shi da wani abin mamaki, shi ya sa da farko na raina shi. Ka sa na sayi garkuwa mai ɗamara da ake sawa a kai. Ka cika mini baki da wani ƙulli mai laushi ka ɗauki siffar haƙorana, ka ƙera mini wata roba mai tauri da nake kifawa a haƙoran sama in zan kwanta, domin a cewarka ko a barci ina cizon garkuwar da babu ita. Tsumma mai ɗumi a gefen fuska safe da yamma, abinci mai laushi na wata guda, ƙwaya ta kwana goma kacal, da motsa baki a gaban madubi, harshe a manne da ganɗa, buɗe a hankali rufe a hankali. Daga baya ka cike mini giɓin da haƙoran roba. Cikin wata na uku na farka wata safiya na zauna a bakin gado ina jiran ciwon ya zo, bai zo ba. Uwar yarana ta shigo da ruwa ta tarar da ni ina kuka, ta tsaya daga nesa don ba ta san irin wanda za ta tarar ba. Sai da aka yi shekara kafin yarana su daina watsewa in sun ji babur.

Ba ni kaɗai ba ne. Ka bi layinmu shago-shago kana ɓalle katakon garkuwa, ana zaginka kana ramawa. Yau a layin nan babu mai cizon garkuwa, kuma yawancinsu ba su san dalili ba. Na ga tela da ke yanke zare da haƙori ta zo da ciwon kai na shekara biyu ta tafi da almakashi a wuya da igiya, kai ka rataya mata. Na ga an kawo maka wani direban babbar mota da hamma ta gocar masa da muƙamuƙi, baki a wangame, yawu na zuba, 'yan'uwansa sun riga sun yi ta dukan haɓarsa don ta koma. Ka kore su waje, ka naɗe manyan yatsunka da bandeji, ka zura su kan turamensa, ka danna ƙasa ka tura baya, bakin ya rufe da ƙarfi kamar tarko. Ka ce masa nan gaba in zai yi hamma ya tallafi haɓarsa da hannu, in kuma ya ga 'yan'uwan nan nasa ya gudu. Mai cire haƙorin bakin tasha kuwa, ranar da aka kawo maka wata mata da ya karya mata ƙashi ya bar saiwar a ciki ta ruɓe, ka sauka daga bene da farar rigarka, ka je ka kifar da tirensa a gaban jama'a, ka ƙwace awartakin ka kawo mini ka ce in yanka shi biyu. Na yanka. Ya zo da ƙannensa da sanduna, ka tsaya a bakin matakala ka ce su hau in sun isa. Bayan shekara biyu shi da kansa ya hau matakalar da kumburarren kumatu, ka yi masa aiki, kana yi kana yi masa faɗa.

Kai kuwa ba ka warke ba. Ƙashin ya haɗe, amma mahaɗar ta lalace. Bakinka in ya buɗe sai ya ja gefen hagu, yatsu biyu ne iyakarsa. Shekara ashirin da biyu ba ka ƙara gatsar nama ba, sai an yanka maka ƙanana kamar na yaro. In muna cin abinci tare ina jin ƙas ɗinka a kowace loma. Ciwon da ka cire mini shi ya koma kanka, duk mako sai ya kwantar da kai wuni ɗaya, tsumma mai ɗumi a gefen fuska, labule a sake. In mu biyu ne kaɗai sai ka dafa gefen kanka ka ce, "Mai walda, aikin hannunka na gaishe ka." Ka yi dariyarka ta gefen baki, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Sau ɗaya na durƙusa a gabanka na ce bari in faɗa wa Hajiya in huta. Ka ce, "Ni na yafe tun a mota. Amma in ka buɗe baki ka faɗa wa wani, na janye. Hutunka kake nema, su kuma ka ɗora musu." Da farko ka sa sharaɗin ne don kada a ɗaure ni yarana su tagayyara. Daga baya, ina jin, don 'yarka ne, wadda ta ɗauke ni kawu na gaske. Ni na koya mata tuƙi. Ni na tsaya mata a matsayin ƙanin uba ranar aurenta.

Tana shekarar ƙarshe a makarantar likitanci ta ci karo da tsohon hoton ƙashinka a cikin takardunka. Ta riga ta iya karatun irin wannan hoto. Ta gane cewa wannan karaya ba ta faɗuwa ba ce, ta naushi ce, daga mai ƙarfin hannun dama. Ta tsare ka, ka ce mata ta bar tone-tone. Sai ta zo shagona da hoton, ta ɗaga shi a rana ta nuna mini layin karayar, ta ce ni ne na fara isa wurin, ko na ga wani yana saukowa daga benen. Na kalli idonta na ce ban ga kowa ba. Ta ce duk ranar da ta san shi, ta san daidai inda za ta doke shi. Na ce Allah ya tona asirinsa.

Ranar Talata, jajibirin rasuwarka, ka dawo gida da rana kana riƙe da kai. Ka ce wa 'yarka wannan ya fi na kullum. A kowane gida da an ruga da kai asibiti. A gidanka kuwa ciwon kai ɗan gida ne, shekara ashirin da biyu ana ganinsa duk mako. Ta taɓa gaban kunnenka, ta sa maka tsumma mai ɗumi, ta ba ka ƙwayar da ka saba sha, ta ce ka huta da magana. Kai ma, da duk saninka, ka yarda muƙamuƙin ne. Washegari da safe ka faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Likitocin da suka karɓe ka suka ce jijiyar jini ce ta fashe a kanka, tun jiya take ɗiga.

Kwana biyar bayan jana'iza ta kira ni asibiti, ta ce sabuwar robar da ka auna mini ta iso, tana so ta sallami ayyukan da ka bari. Na zauna a kujerar. Ta sa mini robar, ta sa wata siririyar takarda mai launi tsakanin haƙorana ta ce in ciza, don ta ga inda ya yi tudu. Sai ta tsaya, ta ce, "Kawu, ni na kashe shi. Ya faɗa mini wannan daban ne, na sa masa tsumma. Ni da ake kira likita." Ta ce kwana biyar ba ta iya kallon mahaifiyarta ba, kuma in ta gama sallamar mutanenka za ta rufe wurin, ba za ta ƙara taɓa majinyaci ba.

Na cire robar daga bakina. Na ce mata ciwon kan da ya rufe mata ido ba ita ta kawo shi gidan ba. Na ce babu wani tsani, babu wanda ya sauko daga bene, ni ne, a wannan ɗakin, a kan wannan kujerar, da wannan hannun.

Sai ta kifar da tiren kayan aiki, ƙarafa suka watse a ƙasa. Ta ɗauki siffar haƙorana ta farar ƙasa ta maka ta da bango dab da kaina, ɓarɓashin ya zubo mini a wuya. Ta shaƙe wuyan rigata da hannun hagu, ta dunƙule na dama, idonta a kan gefen haɓata. Na sauke hannuwana, na juya mata wurin da kyau. Ina jin numfashinta a fuskata. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ta sake ni, ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sa sabuwar safar hannu, ta dawo ta ce, "Buɗe bakinka." Ta goge tudun robar, ta gwada, ta sake gogewa, ta gwada, sau huɗu, har ta zauna daidai yadda kai za ka zaunar da ita. Ta sa ta a ƙaramin akwatinta ta ajiye a hannun kujera, ba ta miƙo mini ba.

Ta ce, "Aikin Baba ne na ƙarasa. Malam, kada ka ƙara taka ƙofar gidanmu."

Ban ƙara takawa ba. An ce mini ba ta rufe asibitin ba, ran Litinin da ta biyo baya ta ga mutum goma sha ɗaya. Ba zan ce don ita kaɗai na yi magana ba, Likita, ka san ni, akwai neman hutun da ka zarge ni da shi a ciki. Amma na auna yafiyarka da abin da na gani a fuskar 'yarka, na zaɓa, kuma da za a mayar da ni kujerar haka zan sake zaɓa. In ka janye, hakkinka ne, za mu haɗu a gaban Wanda ba a kwantar masa da tsani.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka jiƙan sa, Ka yafe masa zafin bakinsa saboda sanyin hannunsa. Ka sanya ciwon da ya ɗauka shekara ashirin da biyu ba tare da ya kai ƙara ba ya zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba shi amsa a lokacin tambaya, Ka sada shi da mutanen kirki a gidan Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, wadda ta durƙusa ta gode wa wanda bai cancanta ba, kuma da wannan rubutu za ta fara sanin haka. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka maza biyu, da jikokinka, da ma'aikaciyar jinyarka da ta tsufa tare da kai, da duk wanda ka hana a cire masa haƙori. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ban roƙi ɗayanku ya yafe mini ba, ban kai nan ba. Wanda ke da magana da ni, ko ta baki ko ta hannu ko ta hukuma, ina shagona daga safe zuwa yamma, ba zan musa ko kalma ɗaya ba.

Ke kuma Ƙaramar Likita, ki ƙi ni iya ƙarfinki, na ɗauka. Amma ki kalli mahaifiyarki, ki ci abinci, ki yi barci. Ke tsumma mai ɗumi kika sa masa, kamar yadda ya koya miki.